Lallen Hannu Biyu

Tun da na haifi ɗana na fari na daina sa lalle a hannu biyu. Wanda bai taɓa reno ba zai ce wannan kuma wane irin kuka ne, amma duk wadda ta taɓa goyo ta san abin da nake faɗi. Lalle zama yake so. Sai an kwaɓa, an shafa, an naɗe hannu da leda da tsumma, sannan ki nemi wuri ki zauna, ko ƙuda ya sauka a hancinki sai dai ki hura masa iska. Mai jariri ina ta ga wannan zaman? Sai na koma ƙunsa hannun hagu kaɗai, na bar na dama don ɗauka da saukewa da sharce majina da ƙwace abin da aka kai baki. Kafin in farfaɗo daga na farin ƙanwarsa ta iso, hannun dama ya ci gaba da zama fayau kamar na mai wankau.

Da ba haka nake ba, kuma ina so a san da wannan. Lokacin da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, nan Filinge, ni da ƙawata, wadda ke da shagon ɗinki a bakin kasuwa, babu Lahadin da ke wucewa ba mu ci kasuwa ba. Ba wai kullum muna da abin saye ba ne. Mu fara daga rumfunan atamfa, mu sa a sauko mana da turmi bayan turmi, mu taɓa, mu yatsine fuska, mu wuce. Mu je wurin masu turare a yi ta shafa mana a bayan hannu har hancinmu ya daina rarrabewa. Mu sayi cuku wurin matan da ke zuwa daga wajen Abala, mu ƙare da tsire a inuwar shagonta, ƙafa a miƙe, muna yi da duk wanda ya gifta. In albashi ya fito kuwa, takalmi ne farko. Ina da rauni a kan takalmi, ban taɓa ɓoyewa ba. Ranar foyandi, ranar da matan ƙungiyarmu ke taruwa gidan ɗayarmu a ci a sha a yi zubi, ni ce farkon zuwa, ni ce ƙarshen tashi.

Yara suka zo suka karɓe wannan duka ba su tambayi kowa ba. Albashi ya koyi hanyar farmasi har ya fi sanin ta a kan hanyar gida. Siro na tari, siro na zazzaɓi, sabulu, sabulu kuma. Takalmi ban daina saye ba, sai dai ya koma ɗan mitsitsi, kuma kullum ƙafa ɗaya ce ke ɓata, ɗayar ta zauna bakin ƙofa tana kallona. Kasuwa ta zama wurin da nake shiga da gudu in fita da gudu, ɗaya a baya, ɗaya yana jan zane. Foyandi sai dai in aika da zubina, in ma na je, ina zama za a miƙo mini wani yana kuka a ce ga naki. Shi kuwa maigida, fadarsu ta shayi ba ta taɓa jin labarin an yi haihuwa a gidanmu ba. La'asar na yi zai ɗauki hula. Na sha faɗa masa haka, wani lokaci da dariya, wani lokaci ba da dariya ba.

Ina son ƴaƴana, kada a ji ni ba daidai ba. Amma na gaji. Akwai ranakun da nakan tsaya bakin randa da moɗa a hannu, in manta abin da ya kawo ni, in tsinci kaina ina kewar matar nan mai yawon kasuwa kamar wata ƴar'uwa da ta yi aure nesa.

Ana haka sai ga inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauyenmu da ke kusa da Tabla. Ƙarshen damina ne, lakwal tana hutu. Ta zauna tana kallon ƙaramar tana bina tana ɗaga mini riga a gaban mutane, ga haƙora cike da baki, ga magana ta fara fita. Ta ce:

"Ɗiyag ga ta isa yaye. Shanu sun ƙoshi, nono na nan, ga tumu ya nuna. Ni ka tahiya da ita, ita da wanta, shi ɗebe mata kewa."

Na farin a gida aka yaye shi, ina kwance da laulayin ƙanwarsa, ban ma san yadda aka yi ba. Wannan karon inna ta ce yadda aka yi mana haka za a yi: a kai yaro gidan kaka, a raba shi da ganin uwa har ya manta da nono.

"Amma ki ji ni da kyau," in ji ta. "Kak ki tako garinmu sai na aiko. In tag gan ki aiki ya ɓaci, sai mu koma hwarko, ita ta wahala, ke ki wahala."

Na yi dariya na ce, "Inna, ni da ka neman inda za ni ɓoye masu? Ko kin aiko sai na yi shawara."

"Mu gani," ta ce, tana ƙulle goronta a bakin zane.

Ranar Juma'a suka tafi, bayan an ba yarinyar rubutun yaye ta sha. Ban raka su tasha ba, maigida ne ya kai su, don kada ta ga na juya baya. Ina jin ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa na shiga ɗaki na kwanta a tsakiyar gado, na baje hannuwa da ƙafafu, na yi barcin da na daɗe ina bin duniya bashinsa.

Daga nan abin ya fara. Na share tsakar gida da safe, da azahar na fito na tarar da ita a share. Wallahi abin haushi ya ba ni. Na ɗora tukunya, na zuba abin da na saba zubawa, muka ci muka bar fiye da rabi. Na zauna in saurari rediyo, na tashi. Na ɗauko kayan wanki, ƴan kaɗan ne, kafin in ji daɗin cuɗawa sun ƙare. Ga ƙirji ya cika ya yi tauri, na ɗaure shi tam da tsohon ɗankwali, in na ɗaga hannu sai na cije baki. Kuma kunnena bai daina jin kuka ba. Ɗan akuya ya yi kuka a maƙwabta, sai in ga na riga na miƙe tsaye.

Na ce wannan zaman gida ne ke neman haukata ni. Na yafa mayafi na tafi shagon ƙawata na shimfiɗa mata shiri: Lahadi kasuwa tun daga farkonta har ƙarshenta, bayan nan lalle hannu biyu ƙafa biyu, sannan in shiga foyandi in nuna wa matan nan ban mutu ba.

Ta dakatar da keken ɗinki ta dube ni. "Yau uwab biyu ta kuɓuta. To, Lahadi tun da hantsi. Amma in kin ambaci siro ko majina, tsakak kasuwa za ni barin ki."

Muka shiga kasuwa kamar da. Aka sauko mana da atamfa, na taɓa, na yatsine fuska, sai dai yatsinar ba ta wasa ba ce, ba abin da ya shiga raina. Wurin masu turare na bari aka shafa mini, na sayi ƴar ƙaramar kwalba don kada ƙawata ta ce ban yi komai ba. Muna tsaye tana ciniki sai ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Mi kika girgiza? Babu kowa bayanki."

Ashe tun ɗazu jijjiga nake yi, dama da hagu, ina lallashin bayan da ba kowa a kansa.

Muka isa wurin mai takalma. Akwai wani da na daɗe ina yi wa kallon gefen ido, baƙi, mai ɗan tudu a dunduniya. Na sa, ya zauna a ƙafata kamar don ni aka yi shi. Ƙawata ta tafa. Na buɗe jaka in ciro kuɗi, hannuna ya ci karo da guntun kara. Mu nan ba a jan yaro zuwa kasuwa don gwajin takalmi. Kara ake samu a auna tafin ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya daidai nan, a tafi da shi. Tun kafin zuwan inna na auna ƙafar ƙaramar, tana ta dariya don yana yi mata cakulkuli, na jefa a jaka na manta. Ga shi kuma gefen takalman mata an zube na yara tuli guda. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na yi ta zura karan nan cikin wannan da wancan har ya kwanta daidai cikin wani ja, irin mai ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ in an taka. Na ɗauka. Ba a kai wa ɗaya a bar ɗaya, na ɗaukar wa wanta shi ma.

Abin da ya rage a jakar zai sayi baƙin nan, ba rashi ba ne. Amma na sake dubansa sai na ga kaina cikinsa ina bin yarinya da gudu ta nufi bakin murhu. Na cire na mayar wa mai shi. Da muka zauna cin tsire, ƙawata ta tauna, ta haɗiye, ta ce, "Ke dai an gama da ke."

Da yammar nan maigida ya dawo daga fada tun rana ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya tsaya tsakar gida yana dube-dube, ya sa hannu a aljihu ya ciro biski guda biyu da ya saba kawo wa yara, ya dube su, ya mayar. Na ce, "Yau shayin bai yi daɗi ba?" Ya ce hayaniya ta yi yawa can. Gidanmu kuwa ko motsi babu. Ban tsokane shi ba, ko da yake na samu dama.

Ranar lalle ƙawata ta rufe shago bayan azahar ta zo da kayanta. Ta kwaɓa, ta yanka leda mai manne ta fitar da zane a tafin hannu da yatsu, ta shafa, ta naɗe ni hannu biyu ƙafa biyu, ta jingina ni da gindin dogon yaro. Ita ke ba ni ruwa a baki, ita ke gyara mini ɗankwali, tana ba ni labarin wadda ta kawo mata ɗinki ta ce ƙugunta bai ƙaru ba, awo ne ya yi ƙarya. Na yi dariya har da hawaye. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, yawwa, ga ni nan na dawo.

Sai jaririn maƙwabta ya fasa kuka ta bayan katanga.

Ba kukan ƴata ba ne, ko kama ba su yi ba. Amma jiki bai san wannan ba. Na ji ƙirjina ya yi tsam, nono ya kawo, ya jiƙa ɗankwalin da na ɗaure, ya fito ta riga, ni kuma ga hannuwa a naɗe ko rufewa ba na iyawa. Daga nan tunani ya ɓalle. Tana cin abinci? Tarin nan da ta tafi da shi ya tsaya? Sauron ƙauye a ƙarshen damina fa? Kuma wa ya gaya wa inna cewa yarinyar nan ba ta barci sai ta kama kunnena, ta riƙe fatar ƙasan tana murzawa har ido ya rufe? Ban gaya mata ba. Na haɗa kaya, na haɗa magani, na manta da kunne.

"Kwance ni," na ce.

"Bai kama ba tukuna. Ki yi haƙuri kaɗan."

"Ƙawa, kwance ni."

Ta ƙi. Na kai tsumman baki na ja ƙullin da haƙori. Da ta ga da gaske nake, ta kwance sauran tana tsaki. Aka wanke. Lallen da ya kamata ya yi ja wur har ya doshi baƙi ya fito launin ɓawon lemu. Ta tattara kayanta ta ce ba ta taɓa ɓata lallenta a kan mutum irin yau ba.

Da safe na ce wa maigida zan kai wa yara takalma, ƙauye akwai ƙaya. Ya san sun tafi da takalma, shi ya ɗauki jakarsu. Ya dai ciro biskin nan biyu ya jefa cikin ledar takalman. Na hau motar da ke zuwa Yamai, muka wuce Bonkuku, na sauka bakin hanya na bi turbar ƙauyenmu, gero ya fi kaina tsawo dama da hagu. Ban bi ta ƙofar gida ba. Na zagaya ta baya, inda inna ke shuka kuɓewa a jikin darni, na nemi inda kara ya ɗan buɗe na kafa ido.

Ƙaramar tana zaune kan tabarma, ƙwarya tsakanin ƙafafu, ludayi a hannu, fura har haɓa. Wanta yana can gefe da yaran gidan suna gasa tumu. An ɗaure wata ƴar akuya kusa da ita, na san ta yaye ce inna ta ba ta. Tana kai ludayi baki, tana miƙa wa akuyar, tana ƙyalƙyala dariya. Da shirin ganin ta rame na zo, ido ya faɗa, murya ta dishe. Kumatu ma ta ƙara. Na gode wa Allah, kuma na ji zafi, zafin ya fi yawa.

Sai ta tsaya. Ta ɗaga kai kamar mai sauraro, ta juyo ta dubi darnin daidai inda nake. Ko turaren nan ne, ko warin nono, ban sani ba. Ta ajiye ludayi, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta fara takowa. Na zube cikin kuɓewa na dunƙule, ni da nake tsawata wa aji guda su yi tsit, ga ni ina ɓuya don ƴar da ba ta iya ɗaura zane ba. Ƙaiƙayin ganyen yana cin wuyana, rabina yana roƙon kada ta gan ni, rabina yana so ta ƙaraso. Ina jin numfashinta ta cikin kara.

Muryar inna ta tashi daga bakin murhu. "Ke, zo ki gani, akuyakki za ta shanye maki hura." Ta haɗa da kaɗa ƙwarya. Ƙafafun suka tsaya, suka juya, suka koma da gudu.

Jim kaɗan sai ga inna ta zagayo da buta a hannu, kamar mai zuwa bayan gida. Ta tsaya a kaina.

"Ashe shawarag ga ba ta daɗe ba."

"Takalma nik kawo masu," na ce, ina kakkaɓe zane.

Ta karɓi ledar ba ta ko leƙa ba.

"Inna, tana kuka?"

"Ta yi da hwarko. Yanzu ta bari."

"Barci hwa? Ba ta barci sai..."

"Kunnena taka riƙewa," in ji inna. "Ta kusa tsinke mani shi."

Abin da ya taso ni daga Filinge ke nan, ashe yarinya ta samu wani kunnen. Inna ta dubi gaban rigata, ta dubi hannuwana, ta ce, "Wanga wane irin lalle na? Ko shi ba ki iya zama mai ba?" Ta koma ciki, ta dawo da tumu mai zafi ta danƙa mini. "Ki ƙara ɗaure ƙirjin da ƙarhi. Koma ta inda kinka hito, kak ki waiwaya."

Na waiwaya, amma gero ya riga ya rufe gidan. A mota na murje tumun ina ci ina share ido, matar da ke kusa da ni ta yi mini gaisuwar rasuwa, na amsa don ban san yadda zan yi mata bayani ba.

Foyandi na je. Na zauna tun farko har aka watse, ba wanda ya miƙo mini kowa. Aka yi ta yi wa lallena dariya, na taya su. Shinkafar ta yi daɗi, hirar ma haka, amma duk wanda ya taɓa ƙyauren gidan sai na juya.

Da lokaci ya yi inna ba ta aiko ba, da kanta ta kawo su. Tun daga zaure na ji ƙiiƙ-ƙiiƙ. Na fito da gudu na durƙusa na buɗe hannuwa. Babban ya faɗo jikina yana ba ni labarin akuya da tumu da kunamar da aka kashe. Ita kuwa ta tsaya cikin jan takalminta ta dube ni, kallo na sosai, sannan ta kau da kai ta cusa fuska cikin zanen inna. Aka yi dariya. Inna ta ce fushin yaye ne, kowane yaro yana yi, zai wuce. Ni ban yi dariya ba. Maigida ya miƙa mata biski ta karɓa. Ni na miƙa mata ruwa ta ture.

Haka muka wuni. In na shiga ɗaki ta fito, in na fito ta koma bayan inna. Tsoron da ban faɗa wa kowa ba ya zo ya tsaya mini a rai: na nemi hutu da bakina, na samu, ga abin da na saya da shi.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma na zauna tsintar shinkafa a tire, na yi kamar ban san da ita ba. Ƙiiƙ. Shiru. Ƙiiƙ-ƙiiƙ. Ban ɗaga kai ba. Ta zo ta tsaya a gabana, ba fuskata take kallo ba, hannuna na dama take kallo. Na hagu ta saba ganinsa da lalle, ko ta kansa ba ta bi ba. Wannan kuwa, wanda ke ba ta abinci yana wanke ta, tun da aka haife ta ba ta taɓa ganinsa da launi ba. Ta kama shi da hannu biyu, ta juya tafin, ta ɓata fuska.

"Dauɗa," ta ce.

Ta kama bakin rigarta ta jiƙa da miyau, yadda nake yi in zan goge mata fuska, ta shiga goge mini tafin hannu. Da ƙarfinta take yi, tana nishi, tana dubawa, tana ƙarawa. Na bar mata hannun. Da ta gaji bai fita ba, ta ture tiren gefe, ta hau cinyata da takalmanta. Ba ta nemi nono ba. Ta kwantar da kai a ƙirjina, ta miƙa hannu sama tana lalube har ta samu kunnena.

Na zauna a wurin ban motsa ba, zaman da lalle bai samu daga gare ni ba. Ƙafata ta yi sanyi, kaji suka zo suna cin shinkafar a gabana, ban kore su ba har aka kira magariba.